Ƙararrawa, Tukunya da Hauya

A cikin duwatsun Atlas na ƙasar Aljeriya, kusa da garin Medeya, kimanin kilomita 100 kudu da birnin Alje, akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Tibhirin. A harshen mutanen wurin na asali, wanda dangin Tamajak ne, ma'anar sunan ita ce lambuna. Duniya ba ta san da ƙauyen ba sai a shekarar 1996, lokacin da aka sace wasu Faransawa 7, ƴan zuhudu mabiya ɗariƙar Katolika, daga gidan ibadarsu da ke can, aka kuma kashe su. Tun daga lokacin, duk wanda ya ambaci Tibhirin, mutuwar ce ke fara zo masa a rai. Alhali kuwa tsaron da aka yi musu bai cika wata 2 ba, gidan kuma ya shekara 58 ana kwana ana tashi a cikinsa kafin wannan dare. Wanda ke son ya gane dalilin da ya sa mutanen nan suka ƙi gudu, bayan an ba su shawara an kuma buɗe musu hanya, sai ya ajiye zancen daren ƙarshe tukuna, ya dubi yadda suke wuni.

Zuhudun Kirista baƙon abu ne ga Bahaushe, ko da yake masu sauraren tafsiri sun saba jin kalmar ruhubanawa. Mutane ne da suka yafe aure da dukiya, suka taru a gida guda ƙarƙashin shugaba guda, domin addu'a da aikin hannu. A ƙasar da ake auna cikar mutum da iyalinsa, ba abin mamaki ba ne a yi wa irin wannan zama kallon tauyewa, Musulunci kuma bai shar'anta shi ba. Amma ba dole sai mutum ya bi hanyar wani ba kafin ya tsinci abin lura a tafiyarsa.

Ƴan zuhudun Tibhirin suna bin ƙa'idar da wani mutumin Italiya mai suna Benoît ya rubuta a ƙarni na 6, ɗan littafi mai babi 73. Reshensu ya samo asali daga gidan da aka kafa a Cîteaux ta ƙasar Faransa a 1098, sannan aka sake tsaurara shi a gidan La Trappe cikin ƙarni na 17, shi ya sa ake kiransu Trappistes. Wanda zai shiga cikinsu yana ɗaukar alkawari 3: biyayya, da gyaran hali har ƙarshen rai, da zama wuri guda. Na ukun nan shi ne abin dubawa. Ɗan zuhudu yana ɗaure kansa ne ga wani gida takamaimai, da mutanen da ya tarar a cikinsa, da ƙasar da aka gina shi a kanta, da niyyar a nan za a binne shi. Tun a babin farko Benoît ya soki masu yawon gida-gida, su kwana uku a nan su kwana huɗu a can, kullum suna neman wurin da ya fi. Hikimar a fili take. Wanda ya saba tashi duk lokacin da zama ya yi masa ɗaci, ba zai taɓa sanin ko ɗacin daga wurin yake ko daga bakinsa ba.

Wunin gidan yana farawa tun wajen ƙarfe 4 na dare, kafin ladan ya yi kiran assalatu. Ƙararrawa ke tada su, ita ce kuma ke tara su a ɗakin addu'a sau 7 tsakanin wannan lokaci da shiga barci. Abin da suke rerawa yawanci Zabura ce, waƙoƙi 150, suna bin su ɗaya bayan ɗaya, in sun kai ƙarshe su koma farko. A tsakanin addu'o'in akwai lokacin karatun Littafi a natse, akwai lokacin aiki. Suna cin abinci tare ba magana, ɗaya daga cikinsu yana karanta musu wani littafi. Bayan addu'ar ƙarshe kowa ya kama bakinsa sai gobe. Jiya haka, yau haka, baɗi ma haka.

Mai salla biyar ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da ke cikin irin wannan maimaici. Wata rana zuciya tana halarce, wata rana leɓe ne kaɗai ke motsi, hankali ya tafi kasuwa. Ƙa'idar Benoît ba ta jiran ranar da zuciya ta so. Ta umarci ɗan zuhudu da zarar ya ji ƙararrawa ya saki abin da ke hannunsa, ko bai ƙare ba, ya nufi ɗakin addu'a. Mutumin da ke sakin aikinsa sau 7 a wuni saboda kiran da ba shi ya tsara ba, yana koya wa kansa, ba tare da wa'azi ba, cewa lokacin ba nasa ba ne, aikin ma ba a kansa duniya ta rataya ba. Imanin da ya dogara ga daɗin da ake ji a zuci yakan ƙafe tare da daɗin. Wanda aka ɗora a kan al'ada ta yau da gobe yana da inda zai jingina ranar da zuci ya bushe.

Ƙa'idar ba ta raba ɗakin addu'a da madafa ba. Ta ce mai kula da kayan gida ya riƙe kowane kayan aiki da irin girman da ake ba kwanonin bagade, ta kuma ce ƴan'uwa su yi wa juna hidimar abinci, kada wani ya ga ya fi ƙarfinta. A Tibhirin kowa da abin da ya rataya a wuyansa. Michel Fleury, wanda a dā ma'aikacin masana'anta ne, shi ke tsaye a kan tukunya. Christophe Lebreton, ƙaraminsu, shi ke da lambu. Paul Favre-Miville, mai gyaran famfo, shi ke lura da ruwan ban shuka. Célestin Ringeard, wanda ya yi shekaru yana aiki da ƴan gararamba a titunan Nantes, shi ke jan baki wajen rera Zabura. Luc Dochier kuma likita ne, an haife shi a 1914, ya iso Tibhirin a 1946, ya shekara 50 yana duba marasa lafiyar yankin kyauta a wani ɗan ɗakin shan magani da ke jikin gidan. Daga gumin hannunsu suke ci.

Kada a ɗauka cewa zaman nasu zaman mala'iku ne. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Maza ne manya, kowa da halinsa, ba su zaɓi juna ba, ba su kuma da inda za su je su huce. Akwai mai saurin fushi, akwai mai yawan magana a gidan da ake son shiru, akwai tsohon da ba ya tauna magana kafin ya faɗe ta. Benoît ya san da haka tun ƙarni 14 kafin su. Ya yi ta gargaɗi a kan gunaguni, ya ce a sasanta kafin rana ta faɗi, ya kuma sa shugaba ya riƙa karanta addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa da ƙarfi safe da yamma, domin kowa ya ji bakinsa yana roƙon gafara gwargwadon yadda shi ma yake yafewa. Son ɗan Adam a dunƙule ba shi da wuya, tun da ɗan Adam a dunƙule ba ya minshari, ba ya barin ƙofa a buɗe. Wanda ke kusa shi ne jarrabawa. A gidan zuhudu mutum yana tsayawa addu'a kafaɗa da kafaɗa da wanda ya ɓata masa rai da hantsi, su rera baiti ɗaya da murya ɗaya, gobe ma haka. Wannan ita ce makarantar da suka daɗe a cikinta kafin a zo ga babbar jarrabawa.

Zaman wuri guda ya haɗa har da maƙwabta. An kafa gidan a 1938, zamanin mulkin mallaka, da manyan gonaki. Bayan Aljeriya ta sami ƴancin kai a 1962, yawancin Turawa suka bar ƙasar, gidan ya kusa rufewa. Waɗanda suka saura suka miƙa wa hukuma mafi yawan gonakin, suka zama ƴan tsiraru, baƙi a tsakiyar Musulmi, ba su neman juya kowa daga addininsa. Lambun da ya rage suna noma shi tare da wasu magidantan ƙauyen, a raba amfani. Da mutanen ƙauyen suka rasa masallaci, ƴan zuhudun suka ba su aron wani ɗaki a cikin harabar gidan, har ya zama ƙararrawa da kiran salla daga shinge ɗaya suke fitowa. Daga 1979 kuma wata ƙungiya mai suna Ribat es-Salam, wato igiyar zaman lafiya, ta riƙa taruwa a gidan, daga baya wasu sufaye Musulmi na ɗariƙar Alawiyya suka riƙa halarta.

Shugaban gidan tun daga 1984, Christian de Chergé, yana da bashin da yake ɗauke da shi. A 1959, yana saurayi cikin sojan Faransa lokacin yaƙin neman ƴancin Aljeriya, wani magidanci Musulmi, abokinsa, ya shiga tsakaninsa da masu neman ransa. Kashegari aka tsinci gawar mutumin. Christian ya dawo Aljeriya a 1971 yana ɗan zuhudu, ya koyi Larabci, ya yi nazarin Alƙur'ani, bai kuma taɓa mance cewa ran da yake yawo da shi wani Musulmi ne ya fanshe shi da nasa ba.

A watan Janairu na 1992 aka soke zaɓe a Aljeriya, ƙasar ta faɗa cikin yaƙin basasa tsakanin soja da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai. Dubun dubatar ƴan ƙasa suka hallaka, har da malaman makaranta da ƴan jarida da limaman masallatai. A ƙarshen 1993 ƙungiyar GIA ta ba baƙi wa'adi su fice. Ran 14 ga Disamba aka yanka ma'aikata 12 ƴan Kuroshiya a Tamesgida, ƴan kilomitoci kaɗan daga gidan, mutanen da suka saba zuwa addu'a wurin ƴan zuhudun a manyan bukukuwa. Bayan kwana 10, a daren Kirsimeti, wasu mutane ɗauke da bindigogi suka shigo gidan ƙarƙashin wani shugabansu mai suna Sayah Attia. Ya nemi kuɗi da magani, ya kuma nemi a ba shi likita ya tafi da shi cikin duwatsu. Christian ya ce ba a shiga gidan da makami, ya fita da shi waje, ya ƙi biya masa bukatun, amma ya ce ƙofar likita a buɗe take ga duk wanda ya zo da ciwo. Da ya gaya masa cewa daren bikin haihuwar Annabi Isa ne, mutumin ya ba da haƙuri ya tafi. Abin da ƴan zuhudun suka yi bayan fitarsu shi ne abin da ke cikin tsarin wannan dare tun farko: suka shiga ɗakin addu'a suka yi babbar addu'ar tsakar dare.

Tsoro ya kama su, ba su kuma ɓoye ba. A kwanakin farko yawancinsu sun karkata ga tashi. Gwamnan Medeya ya yi musu tayin soja masu gadi, ko kuma a mai da su cikin gari, suka ƙi, domin karɓar gadin ɓangare ɗaya shiga yaƙin ne. Mutanen duwatsu suna kiransu ƴan'uwan dutse, soja kuma ƴan'uwan fili, Luc yana ɗaure raunin duk wanda aka kawo masa ba ya tambaya. Ƙa'idar Benoît ta ce in babban al'amari ya taso a tara kowa da kowa a ji bakinsa, har da ƙarami. Haka suka yi, suka zauna, kowa ya faɗi abin da ke ransa, suka kaɗa ƙuri'a, suka sake kaɗawa a lokuta dabam-dabam cikin shekara 2 da ƴan watanni da suka biyo baya. Littafin da Christophe ya riƙa rubuta tunaninsa na yau da kullum a ciki, wanda aka buga bayan mutuwarsa, ya nuna mutum mai kokawa da fargaba da fushi. Ba su nemi mutuwa ba, har sun shirya inda za su koma a Maroko in tashi ya zama dole. Abin da ya gagare su shi ne su ɗauki jaka su bar maƙwabtan da ba su da fasfo, ba su da wata ƙasar da za ta karɓe su.

A watan Maris na 1996, ƴan makonni kafin a sace su, Christian ya yi wa wasu Kiristoci jawabi a Alje, ya waiwayi daren Kirsimetin nan. Bai danganta tsayuwarsu ga jarumta ba. A faɗarsa, hidimomin yau da kullum ne suka tserar da su daga ruɗewa, domin ko bayan fitar masu bindiga akwai girkin da ke jira, akwai lambu, akwai lokacin addu'a. Wannan magana ta fi kowane yabo da aka yi musu nauyi. Mutum ba ya iya yanke shawarar zama jarumi na shekara 2, nauyin ya fi ƙarfin zuciya. Amma yana iya tashi ya hura wuta yau, ya ba tumatir ruwa yau, ya amsa ƙararrawa yau. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Alkawarin da suka riƙe a gaban bindiga, sun riga sun riƙe shi sau dubbai a gaban gajiya da kasala da halin ɗan'uwa mai wuyar zama.

Akwai mai cewa, da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni, kuma rai amana ne, ba a wasa da shi. Maganarsa tana da ƙarfi, bai kamata a ture ta ba. Da sun tashi, da ƙauyen bai rasa likitansa ta wannan mummunar hanya ba, da iyayensu da ƴan'uwansu a Faransa ba su sha wannan baƙin ciki ba. Masu hidimar addini da yawa sun bar Aljeriya a shekarun nan da izinin shugabanninsu, ba wanda ya isa ya kira su matsorata. Magidanci mai ƴaƴa ma lissafinsa dabam ne, haƙƙin da ke kansa na farko shi ne ya tsare su. Ƴan zuhudun Tibhirin ba su da mata ba su da ƴaƴa, kuma wannan rashin da ake yi wa kallon tauyewa shi ne ya ba su damar su mai da mutanen ƙauye iyalinsu. Zamansu amsa ce ta mutanen da suka ɗauki wani alkawari takamaimai, a wani wuri takamaimai. Ba za a mai da ita doka a kan kowa ba.

A daren 26 wayewar 27 ga Maris 1996 aka shigo gidan aka tafi da mutum 7: Christian, da Luc mai shekara 82, da Christophe, da Michel, da Célestin, da Paul, da Bruno Lemarchand wanda ya zo daga reshensu na Fas ta Maroko domin zaɓen shugaba. Biyu suka tsira, Amédée Noto da Jean-Pierre Schumacher, domin ba a kai ga ɗakunansu ba. Paul a ranar ya dawo daga ganin gida a Faransa, a cikin kayansa akwai shebur da ƴan itatuwan dashe. Wata sanarwa da sunan GIA ta ce an kashe su ran 21 ga Mayu. A ƙarshen watan aka tsinci kawunansu kusa da Medeya. Shari'ar Faransa ta buɗe bincike a kan kisan a 2004. An binne su a Tibhirin ran 4 ga Yuni 1996, a cikin harabar gidan, kamar yadda alkawarinsu na uku ya tanada.

Labarin bai yi wa Nijar nisa ba, iyaka ɗaya ce tsakaninta da Aljeriya. A nan ma akwai ƴan tsirarun gidajen masu hidimar Katolika a tsakiyar Musulmi, da makarantunsu da ɗakunan shan maganinsu. An ga yadda aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015, an ga sace limamin Katolika Pier Luigi Maccalli a Bomoanga a 2018, wanda bai sami kansa ba sai a 2020. Tambayar Tibhirin kuma ba ta Kirista kaɗai ba ce. Malamin makarantar da aka tura ƙauyen da ba ruwa ba wuta ya san ta, ma'aikaciyar jinya ta san ta, limamin da ya ƙi halatta zubar da jini ya san ta. Yawancinsu ba za a taɓa tsare su da bindiga ba. Abin da ke gabansu shi ne safiyar Litinin, da allo, da yara 80 a aji, da abokin aikin da ba a jituwa da shi. A nan ake gina amana ko a rushe ta, tun kafin ranar da za a tambaye ta.

Ran 8 ga Disamba 2018, a birnin Oran, Cocin Katolika ya sanya mutanen nan 7 cikin jerin masu albarka, tare da wasu 12 da aka kashe a Aljeriya tsakanin 1994 da 1996, a wani taro da limaman Musulmi suka halarta. Kafin nan, fim ɗin Des hommes et des dieux na Xavier Beauvois ya kai labarinsu ko'ina a 2010. Su kuwa biyun da suka tsira, Maroko suka koma, inda gidan ya sake kafuwa a garin Midelt a shekarar 2000, a tsakiyar wasu maƙwabtan Musulmi. Amédée ya rasu a 2008. Jean-Pierre ya zauna a can cikin tsarin da ya sani, na Zabura da aiki da karɓar baƙi, har Allah ya karɓi ransa ran 21 ga Nuwamba 2021, yana da shekara 97.